Falalen Shanya a Garin da Aka Yafe Haraji

Zuwa ga:
Mai Girma Kwamishinan Gundumar Bukindwe,
Ofishin Gunduma, Bukindwe.

Daga:
Bwire Manyama, tsohon mai karɓar harajin bakin tafki,
a madadin Nyakwesi Mafuru, mai shanyar kifin dagaa,
Unguwar Masunta, Bukindwe.

Litinin, 19 ga Agusta, 2024.

Game da: Katange falalen shanyar kifi na bakin tafki da miƙa shi ga Kamfanin Velmar bisa rahoton ƙarya, ƙarƙashin shirin yafe haraji na Majalisar Garin Bukindwe.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa irin wadda ta dace da kujerarka, da fatan Allah ya ƙara maka lafiya da haƙurin karatu, ina gabatar da wannan ƙorafi a madadin Nyakwesi Mafuru, wadda duk bakin tafki ke kira Maman Masatu. Dattijuwa ce da ta kusa shekara sittin, mijinta ya rasu a ruwa tuntuni, kuma ba ta yi makaranta ba. Hannuna ne ya rubuta, amma maganar tata ce. Abin da na yi kawai shi ne cire zagi, wanda ya kai kusan rabin abin da ta faɗa.

Kafin wani a ofishin majalisa ya riga ni faɗa, gara Mai Girma ya ji daga bakina. Ni ne na yi shekara goma sha tara ina karɓar harajin shanya a bakin tafki, kuma ni aka sallama ranar da aka soke shi. Za su ce aikina nake nema a mayar mini. Ba na so, gwiwoyina sun gama yawon yashi. Haka kuma babu wata ƙauna tsakanina da mai ƙorafin, domin duk tsawon shekarun nan ba ta taɓa kirana da sunan da ubana ya raɗa mini ba, Kaska take ce mini. Idan Mai Girma ya ga saniya ta nemi kaska ya rubuta mata ƙara, to ya san abin ya kai inda ya kai. Ga ƙorafin daki-daki.

1. Wurin da ake magana a kansa shi ne falalen dutsen da ke arewa da inda kwale-kwale ke tsayawa. A nan ake shanya dagaa, ƙananan kifin nan, tun ba a haifi ko mutum ɗaya cikin masu zama a majalisar yanzu ba. Mata sama da arba'in ne ke shanya a kai. Babu layi babu turke, amma kowace ta san gefenta, kuma ba wadda ta taɓa zuba kifi a gefen wata ta kwana lafiya. Gefen Nyakwesi na uwarta ne, uwar ma gada ta yi. Da sassafe take sayen kifi daga kwale-kwale, ta baza shi, ta wuni tana juyawa tana korar shirwa da balbela, kafin la'asar zafin dutsen ya busar da shi ƙarau, ba ƙwayar yashi ko ɗaya. Shi ya sa fataken da ke zuwa daga Kongo suke fara tsayawa a wurinta. Da wannan dutse ta yi wa mijinta jana'iza, da shi ta raini 'ya'yanta, da shi take riƙe da jikoki uku da 'yarta ta mutu ta bari. Ba ta da kwale-kwale, gonarta kuwa 'yar tafin hannu ce ta rogo. Idan aka raba ta da dutsen nan an raba ta da abinci.

Akwai al'ada ɗaya da dole in sa a rubuce, ko da yake yaron goye ma ya san ta a garin nan. Dagaa hasken fitila yake bi, saboda haka a duhun wata ake kama shi. Idan wata ya yi fari, masunta kan ja kwale-kwale waje su zauna ɗinkin koma. Matan kuma sai su wanke falalen da toka da ruwan tafki, su kankare man kifin da ya manne, su kwashe kwanduna da tsintsiya, su bar dutsen ya huta na mako guda su tafi gona. Matar da ta bar ko ɓawon kifi a gefenta, ƙazama za a riƙa kiranta har abin ya bi jikokinta. Nyakwesi kuwa ta fi kowa tsanani a wannan fanni, gefenta ko tuwo aka zuba a kai sai a ci.

2. A da, duk safiyar da aka yi shanya, kowace mace tana biyan ɗan harajin wuri. Ba da fara'a ake biya ba, ni ne shaida. Da Nyakwesi ta hango ni da jakata sai ta ɗaga murya yadda kowa zai ji: "Kaska, ka zo shan jini? To kafin ka sha, je ka gaya wa iyayen gidanka famfon nan ya kwana uku ba ruwa." Ni kuma saboda ba na son in sake jin wannan gobe da jibi, sai in je in zauna wa injiniyan majalisa a wuya har a gyara. Daga kuɗin nan ake biyan mai gadin dare, da shi aka yi rumfar da ake gudu da kifi idan hadari ya taso, da shi ake yashe bayan gida. Ban ce duk kuɗin da aka karɓa yana isa inda aka aike shi ba. Amma bakin Nyakwesi yana isa majalisa kullum, domin ni nake kai shi.

Ranar 1 ga Yuli, 2022, Shugaban Majalisa, Mista Majura Chikongo, ya hau bayan mota a tsakiyar kasuwa da lasifika, ya shelanta cewa daga ranar Bukindwe ta zama garin da ba a biyan haraji har shekara goma. Ba harajin kasuwa, ba na gini, ba na sauke kaya, ba na shanya. Ya bayyana dalilinsa, kuma adalci ne in maimaita shi. Ya ce maƙwabtanmu na Nyarusango suna da kwalta, suna da wutar da ba ta yawan ɗaukewa, suna da banki, don haka duk mai jari can yake sauka. Mu da ba mu da ko ɗaya, sai mu jawo su da araha. Ya ce jari kamar ruwa yake, gangare yake bi, kuma shi zai mai da Bukindwe gangare. Ba wanda ya tambaye shi abin da ruwa ke yi wa gangare idan ya gama wucewa.

Mata suka yi ta guɗa. Nyakwesi ta ce lallai in rubuta cewa ita ce kan gaba a rawar, ba ta ɓoyewa. Da rawa ta zo har gabana, ta karkaɗe mini zane a fuska, ta ce in je in nemi kare in manne masa. A makon aka rufe ofishin haraji na bakin tafki. An yi masa fenti, an zuba kujerun laushi da furen roba, an rubuta a ƙofa cewa ɗakin tarbar masu jari ne. Tun daga ranar babu wani ma'aikacin majalisa da ƙafarsa ta sake taka falalen.

3. Shekara biyu ke nan da wani abu, don haka ya dace a tambayi abin da gari ya samu. Zan faɗi alherin tukuna, kada a ce ƙyashi ne. Manyan motoci sun ƙaru. An buɗe masauki biyu a bakin hanya. Masu soya dankali da ƙwai suna ciniki, 'yan acaɓa ma haka. Allah ya ƙara musu, 'ya'yanmu ne.

Amma Mai Girma ya daure wata rana ya sa direbansa ya tafi a hankali a kan hanyar shiga gari, ya dubi allunan kamfanonin da aka kakkafa, sannan ya leƙa bayansu. Yawancinsu ɗaki ɗaya ne da kwaɗo a ƙofa da mai gadi yana gyangyaɗi. Aikinsu yana Nyarusango inda wuta take, ma'aikatansu suna can, injunansu suna can. Suna kawai suka kawo mana don su tsere wa harajin can. Kamfanin Velmar, mai ƙanƙara da fitar da giwan ruwa, shi ne wanda ya zo da jikinsa, kuma shi Shugaban Majalisa ke nunawa duk wanda ya zo baƙunta. Kowace safiya motar kamfanin ke kwaso ma'aikata daga Nyarusango, kowa da kular abincinsa, da yamma ta mayar da su. 'Yan garin nan da aka ɗauka masu gadi ne da mai shara. Direbobin kamfanin da kansu suke faɗa a wurin shan shayi cewa daga wani gari suka taso, inda aka yafe musu haraji na wasu shekaru, ranar da wa'adin ya cika suka kwance injuna suka bar wa awaki zauren. Wanda ya sayi rariya dai ya san za ta zubar da ruwa. Bara kuma Nyarusango ta ji haushi ta rage nata harajin, har biyu daga cikin allunan nan sun koma gida. Yanzu garuruwa biyu ne ke tseren wanda zai fi ɗan'uwansa karɓar kaɗan, masu motoci suna tsaye suna kallo.

A cikin wannan lokaci manyan motocin sun farfasa hanyar kasuwa har keke ba ya bi. Famfon bakin tafki ya mutu tun watan Nuwamban 2022. An sallami mai gadin dare, ɓarayi suka kwashe kwanon rumfar. Bayan gidan kuwa, ladabi ya hana ni bayyana halin da yake ciki a takardar da za ta hau teburin Mai Girma.

Nyakwesi ta yi mini wata tambaya. Ta ce garin da ba ya karɓar haraji, da me yake biyan albashi, da me yake zuba mai a motar Shugaba? Da na zauna na duba sai na ga amsar a fili take. Ƙasa yake ci. An fara bayar da filin ƙwallon yara haya. Aka bi da tsohuwar kasuwar shanu. Da waɗannan suka ƙare sai ido ya dawo bakin tafki. Haraji bai mutu ba a Bukindwe, ranka ya daɗe, wuya kawai ya sauya. An sauke shi daga kan masu manyan motoci an ɗora wa wanda ba shi da takardar fili. Da ana karɓar kaɗan-kaɗan daga hannun matar nan kowace safiya, yanzu an zo an karɓe dutsen gaba ɗaya.

4. Ranar Juma'a, 21 ga Yuni, 2024, Mista Chikongo ya kawo masu awon ƙasa bakin tafki. Mai Girma ya duba kalanda zai ga daren da ya biyo baya wata ya cika fal. Kwale-kwale suna kife a yashi, mata suna gona, falalen kuwa an wanke shi tas kamar yadda aka saba. Masu awo suka zagaya, suka ɗauki hotuna, suka tafi. Sanarwar da aka manna daga baya a allon majalisa ta ce wurin fili ne da ba a amfani da shi, babu alamar wata sana'a a kansa, kuma ba ya kawo wa majalisa ko sisi.

Ba mu da magana da masu awo. Baƙi ne, abin da aka nuna musu suka gani. Maganarmu da wanda ya zaɓi ranar ce. Mista Chikongo ɗan masunci ne. Mahaifiyarsa, marigayiya Nyamisi, a kan falalen nan ta yi shanya har ƙarfinta ya ƙare, gefenta yana maƙwabtaka da na uwar Nyakwesi. Shi da kansa ya girma yana korar shirwa a wurin da kara a hannu, ba wando. Mutumin da ya san lokacin da ake wanke dutsen tun bai san karatu ba, ba zai ce sa'a ce ta kawo shi a farin wata ba. Cikin kwana talatin na wata, wannan makon ne kaɗai zai iya samun dutsen ba kowa, kuma shi ya ɗauka. Kifi na ganinka, mai jar koma.

Abin da ya fi ƙona wa Nyakwesi rai shi ne tsaftarta ce aka yi shaida da ita a kanta. Ta ce da ta san haka ne, da ta bar wa dutsen ƙazantar wata guda, ƙuda ya tare masu awon tun daga bakin hanya. Batun cewa wurin ba ya kawo ko sisi kuwa, wannan rashin kunya ne tsagwaronsa. Majalisa ce ta hana a karɓa. Ba a ɗaure wa mutum hannu sannan a kai shi ƙara cewa ya ƙi gaisawa. Da akwai mai karɓar haraji a wurin, da rahoton nan bai kwana ba an ƙaryata shi. Ni ina raye, gidana bai fi tafiyar shan taba ɗaya daga ofishin ba, amma ba wanda ya aiko a tambaye ni.

5. Ranar Asabar, 20 ga Yuli, wata ya sake yin fari, mata sun sake wanke dutse sun tafi, sai ma'aikatan Velmar suka zo suka kewaye falalen da waya mai ƙaya. Sau biyu ke nan ana dacewa da farin wata, ruwa kuwa ba ya tsami banza. Ranar Juma'a, 26 ga Yuli, da sassafe, matan suka dawo, suka sayi kifi daga kwale-kwale kamar kullum, suka ɗauko a ka, sai suka tarar da ƙofa a kulle da mai gadi da kare. Mai gadin ɗan unguwarmu ne, kansa a sunkuye yake ba su haƙuri, ya ce shi ma cikinsa yake nema wa.

Ɗanyen dagaa ba ya jiran a gama shari'a. Dole suka baza shi a yashi. Yashi ba ya riƙe zafi kamar dutse, saboda haka kifin bai bushe a ranar ba, ya kwana da laima, wanda ya bushe kuma ya kwashi ƙasa. Wani falke da ya shekara goma yana sayen kifin Nyakwesi ba tare da ya buɗe buhu ba, ya zo ya ɗebi kaɗan ya tauna, ya tofar, ya ce wannan sai dai kaji. A kuɗin abincin kaji ta sayar da shi, wanda bai kai abin da ta saya ɗanye ba. Sauran da ya yi wari, ita da kanta ta haƙa rami ta binne. Na san matar nan sama da shekara talatin. Ranar da aka fito da gawar mijinta daga ruwa ina wurin, ban ga hawayenta ba. A bakin ramin nan na gani, kuma ba na jin kunyar faɗa wa Mai Girma cewa raina ya ɓaci ƙwarai, har yau bai huce ba.

Duk duhun watan da ya wuce haka aka yi shi. Masu kwale-kwale sun fara karkata zuwa Nyarusango, inda matan can ke da wurin shanya, kuma masunci idan ya saba da wata gaɓa ba ya dawowa da sauƙi. Babbar jikar Nyakwesi ta daina zuwa makaranta tana taya ta tsince yashi daga kifi da hannu. A cikin wayar kuwa ba a aza ko bulo ɗaya ba. Abin da aka kawo shi ne injin fasa dutse, yana nan a tsaye an lulluɓe shi da tamfol. Mai gadin ya shaida mana cewa ranar Litinin, 2 ga Satumba, za a fara fasa falalen a baje shi, don a yi wurin wanke manyan motoci. Waya ana iya cire ta, ranka ya daɗe, amma dutse idan aka fasa shi babu kwamitin da zai mayar.

6. Sau biyu Nyakwesi tana zuwa ofishin majalisa ana ce mata Shugaba yana tare da masu jari. A karo na uku, ranar Laraba, 7 ga Agusta, ta zauna a kan matakala tun safe ta ce ba za ta tashi ba, ni ma na raka ta. Da azahar ya fito zai shiga mota. Bai kai mu ɗakin kujerun laushi ba, a tsaye ya saurare mu, makullin mota na kaɗawa a yatsansa.

Ta fara da lalama, abin da ban taɓa jin ta yi ba. Ta ce masa: "Majura, ni ce fa. Bayan nan nawa ya sha goyonka lokacin da uwarka ke juya kifi. Ka buɗe mana dutsenmu, mu ba mu hana kowa wanke mota ba, tafki da faɗi."

Ya dube ta sama da ƙasa, ya ce: "Mama, a nan Shugaba ake ce mini. Nawa kika biya majalisa bana? Bara fa? To wanda ake ciyarwa kyauta ba ya zaɓen kwano."

Nan take ta kwance bakin zanenta ta fito da abin da ke ciki, ta ce a karɓa, har da na baya in ana so. Ya kira ma'aji yana dariya. Ma'ajin, wanda tsohon abokin aikina ne, ya kasa haɗa ido da mu, ya ce babu tagar da ake karɓar irin wannan kuɗi yanzu, kuma duk ma'aikacin da ya karɓa ya karya dokar majalisa. Wato an hana ta biya, sannan an hana ta magana saboda ba ta biya ba. Shugaban ya ƙara da cewa ci gaba ba ya jiran kifi ya bushe, kuma idan matan suna son aiki su je Velmar su nemi wankin kifi, zai sa baki a duba su. Amsar da ta ba shi tana cikin abin da na cire. Iyakar abin da zan iya sawa shi ne ta ambaci marigayiya Nyamisi, ta yi mata jaje.

Ina roƙon Mai Girma ya lura da wannan magana ta Shugaban Majalisa, domin ita ce gaskiya ɗaya da ya faɗa tun da aka fara shirin nan. A ranar da ya hau mota ya ce ya yafe mana haraji, mun ɗauka kyauta ya yi mana. Ashe bakinmu ya saya, kuma da araha.

7. Bisa ga abubuwan da suka gabata, mai ƙorafi tana roƙon Mai Girma, cikin ladabi da biyayya, kamar haka.

Na farko, a dakatar da fasa falalen da aka shirya farawa ranar 2 ga Satumba, a fitar da injin daga wurin, domin injin da ke tsaye kusa da dutse ba a rasa wanda zai tayar da shi bisa kuskure.

Na biyu, a buɗe ƙofar wayar kafin Litinin mai zuwa, 26 ga Agusta, ranar da kwale-kwale za su koma ruwa su dawo da kifi.

Na uku, a soke rahoton 21 ga Yuni, a sake aiko masu awo a duhun wata da hantsi, kuma kada Mista Chikongo ya zaɓi ranar.

Na huɗu, a sa wani wanda ba ya cin albashin majalisa ya bincika abin da yafe harajin nan ya jawo wa Bukindwe. Kada ya ƙirga alluna. Ya ƙirga 'yan garin nan da ke karɓar albashi a ƙarshen wata, ya ƙirga filayen da aka bayar, ya faɗa mana wanne ya fi yawa.

Na biyar shi ne wanda ta sa na karanta mata sau biyu don ta tabbata ban sauya shi ba. Tana roƙon a dawo da harajin shanya. Ta ce a turo wanda aka ga dama, yaro ko babba, mai kunya ko marar kunya, ya zo kowace safiya da jakarsa ta biya shi ta zage shi, ya koma ya gaya wa majalisa cewa akwai mutane a kan dutsen nan. Ta ce kuma duk ranar da aka zo karɓa a hannunta, a bi ta ƙofar Velmar a karɓi nasu, tunda hanyar da motocinsu suka farfasa ba aljanu ne za su gyara ta ba. Idan sun ce za su tashi saboda haka, su tashi. Dagaa bai taɓa neman a yafe masa komai ba kafin ya zo gaɓar nan.

A ƙarshe, mai ƙorafi ta umarce ni in sanar da Mai Girma abu ɗaya, kuma tana roƙon kada a ɗauke shi a matsayin barazana, domin ita mace ce mai bin doka. Ranar Litinin mai zuwa da sassafe za ta sayi kifi, domin ba ta da wata sana'a, kuma ba za ta sake zuba shi a yashi ba. Idan ta tarar da ƙofar falalen a buɗe, ta gode, ba za a sake jin ta ba sai a kan famfo. Idan ta tarar da ita a kulle, ta duba duk garin nan ba ta ga wurin da ya dace ba sai farfajiyar ofishin majalisa, wadda siminti ce shimfiɗaɗɗiya, rana kuma tana dukanta tun hantsi har la'asar. Sauran matan sun ce tana da faɗin da za ta ɗauke su duka, idan aka matsar da motar Shugaba. Suna ba ma'aikata shawarar su rufe tagogi, su kuma yi haƙuri da shirwa. Idan an ga dacewar a aiko 'yan sanda su kama ta, ba za ta gudu ba, ba za ta yi gardama ba. Roƙonta kawai a bari ta juya kifin tukuna, kuma a zo da motar da za ta ɗauki yara uku, domin babu wanda za ta bar wa su.

Muna jiran hukuncin Mai Girma da kyakkyawan zato. Allah ya ja zamaninka, ya sa ka gama da kujerar nan lafiya.

Naka cikin ladabi da girmamawa,

Bwire Manyama
(sa hannu)

A madadin Nyakwesi Mafuru, Maman Masatu, wadda aka karanta wa wannan takarda daga farko har ƙarshe, ta ce an rage mata zafi amma ta yarda, ta dangwala babban yatsanta na dama a ƙasa.